Gwiwar Vonnie

Bernadine Kolb ba ta jiran hoton asibiti kafin ta san halin da gwiwa take ciki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kula da ƙafafun 'yan matan da ke buga wa Jami'ar Wescott ƙwallon kwando. Ita ce mai ɗauri, ita ce mai ƙanƙara, ita ce kuma mai cewa wance ta shiga fili, wance ta zauna. Yaran suna ce mata Mis Bernie. Hannunta ya taɓa gwiwa fiye da yadda ya taɓa cokali. Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan da ta kwantar da Vonnie Pettiford a kan teburin ɗauri, ta riƙe cinya da hagu, ta ja ƙwauri da dama, ta ji ƙashin ya biyo ta fiye da ƙima, gabanta ya faɗi tun kafin ta ɗago kai.

"Yaya?" in ji Vonnie.

"Kwanta dai."

"Mis Bernie, in kika yi wannan bakin na san babu alheri."

"Bakina ne, da shi aka haife ni."

Likitan ƙungiyar mutum ne da ba ya faɗin magana sai ya bar wa kansa ƙofar fita. Ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce jijiyar ta ɗan tsage amma ba ta tsinke ba. In yarinyar ta huta kwana biyar kumburin ya sauka, aka tallafe gwiwar da kyau, yana ganin za ta iya buga gasar ƙasa ranar Juma'a. Bernie ta ce, gobe fa? Sai ya watsa hannu ya ce ai wannan tsakaninsu ne, ita ta fi shi sanin ƙafar. Ya ɗauki jakarsa ya yi gaba.

Goben da ake magana Lahadi ce, ranar wasan ƙarshe na gasar shiyya, wadda jami'o'in yankin goma sha biyu suke taruwa a St. Louis su yi duk shekara kafin a shiga gasar ƙasa. Wescott ba ta buƙatar kofin nan don ta samu shiga gasar ƙasa, ta ci wasa ashirin da shida cikin talatin da ɗaya, ko makaho ya san za a kira ta. Abin da ake ta ja a kai shi ne matsayi. Wani kwamiti ne ke zama ya jera ƙungiyoyin daga sama zuwa ƙasa, ya sanar ranar Lahadi da yamma. Sha shida na sama su ke karɓar wasannin farko a zaurensu na gida. Ta sha bakwai kuwa sai ta haɗa jaka ta hau jirgi zuwa duk inda aka jefa ta. Masu hasashe a intanet, mutanen da ba su taɓa jefa ƙwallo a kwando ba amma sun fi kowa sanin inda za ta faɗa, wasu sun ajiye Wescott ta sha shida, wasu ta sha bakwai.

Ga sauran yaran, wasa a gida daɗi ne kawai. Ga Vonnie ba haka ba ne. Mahaifinta Cleon Pettiford ya yi shekara ashirin da takwas yana tuƙa motar makaranta kafin ƙoda ta kwantar da shi. Ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, sai kuma zuciya ta buga masa a watan Nuwamba, ya kwanta asibiti har ƙarshen Fabrairu. Da aka sallame shi likitoci suka ce kada ya wuce rabin awa a mota, jirgi kuwa kada ma ya yi mafarkinsa. Daga gidansa zuwa zauren Wescott minti ashirin ne. Amma kafin ya fito an riga an buga wasan gida na ƙarshe, wanda ake karrama 'yan shekarar ƙarshe, kowacce iyayenta su rako ta tsakiyar fili da furanni. Mahaifiyar Vonnie ta daɗe da rasuwa. Bernie ce ta sa rigarta ta coci ta rako ta, tana riƙe da furannin kamar za su cije ta, yarinyar tana murmushi hawaye na zuba. Duk shekarar nan Cleon bai ga 'yarsa a fili ba, sai a talabijin ɗin asibiti da ba ya fitar da murya. Kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe.

Da safiyar Lahadi Bernie ta tarar da kocin ƙungiyar, Rhonda Vasko, a ɗakin cin abinci na otal, soyayyen ƙwai ya huce a gabanta, tana ta latsa waya.

"Mai hasashen nan ya sake mai da mu ta sha bakwai," in ji Koci Vasko ko gaisuwa babu.

"Jiya da yamma ai ta sha shida muke a wurinsa. Wasa muka buga cikin barci muka faɗi?"

"Bernie, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka." Ta ja kujera ta zauna. "Rhonda, sau nawa muka yi wannan rawar? Mutanen kwamitin nan tun Laraba suka kulle kansu a ɗaki. Wasan da za a tashi ƙarfe uku, su kuma su fito da takarda ƙarfe shida? Sun gama rubutunsu. Shekarar da muka ɗauki kofin nan ranar Lahadi ina suka kai mu? Inda da ma za su kai mu."

"Wannan shekara goma sha biyu ke nan. Yanzu suna kallon wasan Lahadi. Sun ce suna kallo."

"Sun ce."

Koci Vasko ta ture farantin. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne kawai yake cin ta, irin na wanda ya san in ya yi kuskure kowa zai gani. "In kin ce ta zauna, ta zauna. Ban taɓa tsallake maganarki ba, ba kuwa yau zan fara ba. Amma ke za ki faɗa mata, ba ni ba."

Bernie ta tafi zauren wasan da niyyar faɗa mata. Wallahi da niyyar ta tafi, har ta tsara kalmomin a mota. Ta samu Vonnie ta riga kowa zuwa, tana zaune a kan teburin ɗauri, ta naɗe wandonta sama da gwiwa, ta jera naɗin filasta huɗu a gefenta kamar mai sayarwa.

"Kwashe su," in ji Bernie. "Yau benci za ki ɗumama."

"Ba ta yi min ciwo. Duba." Ta miƙe ƙafar ta lanƙwasa.

"Fuskarki nake dubawa, ba ƙafar ba. Ƙarya ba ta karɓe ki ba, Vonnie."

"To tana ɗan yi. Kowa a ƙungiyar nan akwai inda ke masa ciwo, watan Maris muke."

"Ki saurare ni. Wasan yau ba zai canza komai ba. In gida za su ba mu sun riga sun ba mu, in ba za su ba mu ba, ko kwando ɗari kika jefa ba za su goge takardarsu ba. Ki huta, Juma'a ki buga da ƙafa biyu."

"A ina?"

"Duk inda aka ce."

"A ina, Mis Bernie?" in ji Vonnie. "Kin tabbata sun gama? Ki rantse min. Ki dube ni ki ce kin tabbata ɗari bisa ɗari, yanzu zan sa wandona in je in zauna."

A nan ne abin ya lalace. Bernie mace ce da ba ta rantsuwa a kan abin da ba ta taɓa da hannunta ba. Gwiwa ta sani, ɗakin kwamiti kuwa ba ta taɓa shiga ba. Ba ta rantse ba.

"Kin gani," in ji Vonnie a hankali. "To a ce ina zaune aka cinye mu da maki biyu, da yamma aka ce mu tafi California. Gaya min abin da zan ce wa Dadi. Jiya ya sa maƙwabciyarmu ta goge masa rigar nan mai lambata. Ya ce ko a keken marasa lafiya ne sai ya zo. Ke kika rako ni rannan, kin ga kujerarsa babu kowa. Ba na ce miki zai kai baɗi ba, kuma baɗi ni ma ba na nan."

Bernie ta dubi filastar nan. Ta san gaskiya tana wajenta. Amma ta yi ta auna abu biyu, in ta yi kuskure ta hana, uba ya rasa ganin 'yarsa har abada, in ta yi kuskure ta bari, wataƙila gwiwar ta jure minti arba'in. Gwiwoyi da suka fi wannan lalacewa sun jure. Da wannan wataƙilar ta yaudari kanta, ta ɗauki naɗin farko.

Ɗaurin Mis Bernie sananne ne a duk shiyyar. Masu irin aikinta daga wasu jami'o'i kan zo su tsaya su kalla. Ba ta gaggawa, kuma ba ta bin yadda littafi ya ce. Tana farawa daga ƙasan gwiwa ta hau a karkace, ta gicciye ta baya, ta ja daidai inda ƙashin ke son zamewa, ta danne da babban yatsa har sai filastar ta kama. Yaran suna cewa in Mis Bernie ta ɗaure ka sai ka manta kana da gwiwa, kuma yabo suke nufi. Ita kaɗai ta san abin da ke cikin maganar. Filasta ba ta warkar da komai, bakin ciwo kawai take toshewa, ta hana ƙafa gaya wa mai ita cewa ta yi a hankali. Ranar nan ta yi ɗaurin da ba ta taɓa yin mai kyansa ba.

Vonnie ta diro daga teburin, ta yi tsalle biyu, ta yi dariya. "Wayyo Mis Bernie, sabuwa fil! Ke mayya ce."

"Ban da juyi a kanta. Kin ji ni? In za ki juya, ki juya a kan ta hagu."

"Na ji, Kaka."

"Kakarki tana gidanku."

Kafin hutun rabin lokaci Vonnie ta ci maki goma sha tara. Zauren ya ɗauki sunanta, mutanen Wescott da suka yi tafiyar awa huɗu suna ta buga ƙafa a katako. Bernie ba ta ga ko kwando ɗaya ba, gwiwar kawai take bi da ido daga wannan kai zuwa wancan. Ta ga yarinyar ta fara da kaffa-kaffa, sannan ta saki jiki, sannan ta manta gaba ɗaya, kamar yadda ɗaurin ya koya mata.

Minti uku da dawowa daga hutu, Vonnie ta karɓi ƙwallo a gefen dama, ta kutsa, mai tsaronta ta tare gaba. Babu wadda ta taɓa ta. Ta kafa ƙafar dama ta juya a kanta, juyin da ta yi sau dubu tun tana 'yar shekara tara. Gwiwar ta shige ciki. Bernie ta riga alƙalin wasa motsi, kafin a busa usur tana tsakiyar fili. Ihun da yarinyar ta yi ba na ciwo kaɗai ba ne, na wanda ya gane abin da ya faru ne. Zauren ya yi tsit har ana jin ƙwallon tana gangarawa.

A ɗakin ɗauri Bernie ta zaro almakashinta daga aljihu ta yanke filastar da ta yi minti ashirin tana jerawa. Ta riƙe cinya, ta ja ƙwauri. Wannan karon babu abin da ya tsayar da ƙashin. Vonnie ba ta tambaye ta yaya ba.

Abin haushi, sun ci wasan. Ba tare da ita ba, da maki shida. Vonnie ta ce babu inda za a kai ta sai ta ga an yanke raga, aka turo ta bakin fili a keke, ƙafar a miƙe cikin ƙanƙara. Al'ada ce duk ƙungiyar da ta ɗauki kofi a kafa tsani a ƙarƙashin kwando, kowa ya hau ya yanki zare ɗaya na ragar ya ajiye. Masu shirya gasa suna kawo nasu almakashi mai ƙyalli, amma 'yan Wescott ba sa taɓa shi. Tun kofinsu na farko da almakashin Mis Bernie suke yanka, sun ce shi ne mai sa'a. Kyaftin ɗin ƙungiyar, wata doguwa mai suna Joss, ta zo ta miƙo hannu, ido jawur.

"Mis Bernie, almakashin."

Bernie ta ba ta. Danƙon filastar Vonnie yana nan manne a bakinsa, har ya riƙa kama zaren yana ƙin yanka. Ɗaya bayan ɗaya suka hau. Da aka zo kan Vonnie aka yi cirko-cirko, sai Joss ta sake hawa ta yanko mata, ta sauko ta ɗaura mata a wuyan hannu. Aka yi tafi. Bernie ta ji kamar ta kwanta a katakon nan kada ta sake tashi.

Ƙarfe shida suka taru a babban ɗakin otal don kallon sanarwar, an kawo fiza babu mai ci. An dawo da Vonnie daga asibiti da sanduna biyu, an ce aiki za a yi mata bayan kumburi ya sauka, wata tara kafin ta sake gudu. Saboda ƙafar aka zaunar da ita can baya inda babu turereniya, kusa da lasifika, Bernie a gefenta. Da sunan Wescott ya fito a cikin masu karɓar wasa a gida ɗakin ya fashe. Yara suka hau kujeru, Koci Vasko ta rungume duk wanda ta samu. Vonnie ta damƙi hannun Bernie tana kuka tana dariya.

"Kin gani? Mis Bernie, kin gani? Ba a banza ba."

Hayaniyar ba ta lafa ba aka sako shugabar kwamitin, wata mace mai tabarau da muryar malamar makaranta. Babu mai saurare sai su biyun da lasifikar ke bayan kunnensu. Mai tambaya ya ce Wescott ta ɗauki kofi yau, shi ne ya ɗaga ta? Matar ta yi murmushi ta ce a'a. Ta ce masu karɓar baƙi tun safiyar Asabar aka rufe sunayensu, don a ba zaurukan lokacin shiri, kuma Wescott ta sha huɗu take a jerinsu, ba a ma yi gardama a kanta ba. Ko ta ci yau ko an cinye ta, gida za ta buga. Ta ƙara da cewa suna yi wa 'yar wasan da ta ji rauni fatan samun sauƙi, sannan aka wuce wata tambayar.

Tun safiyar Asabar. Kafin ma gwiwar ta fara tsagewa.

Hannun Vonnie ya saki nata a hankali. Ba ta dubi Bernie ba. Wayarta ce ta hau ruri a cinyarta, sunan Dadi a fuskar. Ashe da ya ga sunan Wescott bai jira sauran ba, ya kashe talabijin ya kira. Ta bari ta yi ƙara har sau biyar kafin ta share fuska ta ɗauka. "Dadi! Ka gani? Muna zuwa gida."

Ranar Juma'a zauren Wescott ya cika tun ƙarfe huɗu. Maƙwabciyar ce ta turo Cleon Pettiford a keke. Ya rame har rigar mai lamba ashirin da uku tana yawo a jikinsa, amma an goge ta tsaf. Aka ba shi wuri a ƙarshen benci, Vonnie ta zo da sandunanta ta zauna kusa da shi cikin kayan gida, zaren ragar yana nan a hannunta. Sauran yaran suna fili suna ɗumama jiki. Duk lokacin da wata ta yi tsalle idon tsohon sai ya bi ta, sannan ya dawo kan ƙafar 'yarsa.

Bernie ta so ta wuce ta bayansu da jakar ƙanƙara, ya hango ta.

"Mis Bernie! Zo mana, gudu kike? Ban yi miki godiyar furanni ba."

"Mista Pettiford. Yaya jiki?"

"Jiki ga shi, sai lallaɓawa." Ya kama hannunta da nasa biyun, sanyi ƙalau. "Ta gaya min kin so hana ta. Kada ki sa wa ranki komai, kin ji? Na san 'yata, uwarta ce sak, ba ta jin bari. Ni dai abin da na gaya wa mutanen unguwa, duk wanda ya zauna a zauren nan yau ya san wadda ta kawo masa wasan. Da ba ta buga Lahadi ba da yanzu kuna can wata uwa duniya. Da gwiwarta ta jawo mana shi gida." Ya juya ya dubi filin. "Na so in gan ta a ciki, ko minti ɗaya. Amma tunda ba a banza ta tafi ba, na haƙura. Ko ba haka ba, Mis Bernie?"

Ta bayan kafaɗarsa Vonnie ta ɗago. Karo na farko ke nan tun Lahadi da ta dubi Bernie ido cikin ido. Babu fushi a ciki, da fushin ne da ya fi sauƙi. Roƙo ne.

Matar da ta kasa rantsuwa a kan abin da take da gaskiya a kai ta tsaya da jakar ƙanƙara tana ɗiga a takalminta.

"Haka ne, Mista Pettiford," ta ce. "Ita ta kawo shi."

Ya gyaɗa kai, ya saki hannunta. Aka busa usur, 'yan wasa biyar na Wescott suka shiga fili. Tsohon ya gyara zama, ya ɗora tafinsa a kan gwiwar 'yarsa mai lafiyar, suka fara kallon 'ya'yan wasu.